Ɓargon Ramatu

Malam Tasi'u ya durƙusa a gaban surukinsa Surajo cikin shagon ɗinki a kasuwar Shagari. Surajo ya saki keken ɗinki ya riƙo shi.

"Baba, ku tashi don Allah."

"Ba ni tashi. Autata Nusaiba na kwance asibiti, sikila ta kusa cinye ta. Likita ya ce cikin ɓargo akwai ƙwayoyin da ke haifar da sabon jini, kuma duk cikin ɗiyana na Ramatu kaɗai ya dace da nata. Kaɗan za a ɗiba, ya sake tsirowa. Ka ba matarka izini."

Surajo ya sunkuyar da kai. "Baba, komi kunka ce ina yi, ban da wanga. Macen da anka ɗebi ɓargonta ba ta ƙara haihuwa. Wani masani ya rubuta."

Ya miƙa masa waya. Saƙo ne marar suna, ya sha yawo hannu zuwa hannu.

Tasi'u ya karanta layin farko, ya gane rubutunsa ne. Shekara huɗu da suka wuce ya tsinci zancen a motar Bodinga, ya tsara shi da Hausarsa ta malamin makaranta, ya watsa don neman lada.

"Ƙarya ce, Surajo. Ni na rubuta shi."

Surajo ya dube shi da tausayi, ya karɓi wayarsa.

"Na sani, Baba, son ɗiya na sa mutum faɗin komi."