Kunne a Kan Tebur

Tun da hukuma ta ɗora na'urar saurare kan kowane teburin wasan labari, Barira mai jan labarin take wasa a tsorace. Duk abin da jarumin ɗan wasa ya aikata a cikin labarin, sai a ɗauka niyyar mai shi ce.

Ranar Asabar, maƙwabcinta Sallau ya jefa ɗan lido yana dariya. "Jarumina zai ɓalle ƙofar kurkuku!"

Fitilar na'urar ta koma ja. Barira ta yi wuf ta ce:

"Malam Sallau, kibiya ta soki jaruminka. Ya mutu bai taɓa ƙofar ba."

"Haba Barira! Shekara uku ina rainonsa!"

Hankalin Barira na waje, inda wata mota ta rage gudu, ta tsaya.