Katin Pyo Mal-sun

"Malam akawu, yau ma injin naka bai tuna da ni ba?" in ji Pyo Mal-sun mai busasshen kifi, tana ajiye mini lemo a tebur kamar kowace Litinin.

Ƙanenta Dong-chil take nema, wanda yaƙi ya raba su a tashar jirgin ruwan birnin Busan. Aikin ofishinmu shi ne cigiyar irin waɗannan 'yan'uwa. Kowane katin cigiya sunaye biyu ne a jikinsa, na mai nema da na wanda ake nema. Katunanmu dubu ɗari huɗu ne, injinmu na tantance katuna kuwa dubu biyu yake iya riƙewa a lokaci guda. Saboda haka muke jera su kashi-kashi, sannan mu haɗe jerin biyu-biyu har su zama ɗaya. Don rage nauyi na kawo dokar da ta samo mini takardar yabo: duk katuna biyu masu sunaye iri ɗaya maimaici ne, a fitar da ɗaya.

"Iya, inji ba ya mantuwa," na ce.

"To, ya fi mijina!" ta ce tana dariya.

Shekara goma sha ɗaya tana zuwa, har ta rasu.

Ranar da zan yi ritaya na buɗe akwatin katunan da aka fitar. Na ga wani kati mai sunanta da na ƙanenta, amma rubutun ba nata ba ne. Mai nema: Dong-chil. Tsakanin gidansa da rumfarta layi uku ne.

Irin wannan katin dubu tara na ƙirga a akwatin. Har yau, kowace Litinin, ɗakina ƙamshin lemo yake yi.