Ƙofa ta Takwas

"Wa ya taɓa mani littafi?"

Malam ya tsaya bakin ɗaki da takardu a hannunsa. Shekara ukku ya yi yana rubuta labarin jarumin da zai ratsa ƙofofi bakwai ya ƙwato garinsu daga hannun aljanu, gobe za a kai wurin bugu. Yau ya tarar duk inda ya sa bakwai an soke da jan biro, an rubuta takwas.

Matarsa ta ci gaba da tsintar shinkafa. "Ni ce, Malam."

"Haba ke kuwa! Sammai bakwai, ɗawafi bakwai, suna ranar bakwai. Ƙofofin Katsina, tun daga Guga har 'Yandaka, bakwai. Mu kanmu 'ya'yanmu bakwai, na kuma ce maki lissafi ya cika!"

"Ƙofofin wuta nawa ne?"

Ya ce, "Bakwai."

"Na Aljanna fa?"

"Takwas," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa.

"To, ashe ka sani."

Ta zaro katin awon ciki daga ƙarƙashin faifai, ta aza bisa littafin.

"Sai ka fara neman rago. Ka kuma binciko mana sirrin tara, don likita ta ce biyu ta gani."