Ƙugiyar da Ta Cinye Dariyar Kaka

Kai Tasi'u, sai rawar jiki kake yi tun da ka gano yadda ake ɗora wa kowane maɓallin shafin intanet harafinsa, mutum ya danna harafi ɗaya aiki ya gudana, ba sai ya ja linzamin kwamfuta ba. Wallahi abin akwai daɗi, ni ma ranar da na koya sai da na manta da abincin rana. Amma jawo kujera ka ji wani misali.

Wani mai hoto ne ya sa abokinsa ya haɗa masa shafin tantance hotuna. Abokin gwani ne, ga ɗoki irin naka. Ya ce ina dalilin zagaye, ai yanke za a bi: Ƙ mai ƙugiya ita ce "ƙara", hoto ya shiga kundin da za a wanke, K ita ce "kawar", hoto ya tafi ke nan. Har tambayar nan ta "ka tabbata?" ya cire, wai ɓata lokaci ce. Ya gwada a kwamfutarsa da ya saita wa haruffan Hausa, yatsa na sauka hoto na wucewa, mai hoto na tsaye yana tafi, baki har kunne. Duk bayanin da mai hoton ya samu a tsaitsaye shi ne ya danna harafin farko na abin da yake so. Ana haka aka kira mai hoton wani gidan suna. A gidan akwai wata kaka da ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba, da ta ga kyamara sai ta ja mayafi ta juya baya. Ranar kuwa aka ɗora mata tattaɓa kunnenta a cinya, jaririn ya yi atishawa, tsohuwa ta tuntsire da dariya har ana ganin giɓinta, mai hoto ya ɗauka! Gida ya kaure da guɗa. 'Ya'yanta suka bi shi har bakin ƙofa, kowa na cewa a wanke masa babba na ratayawa a bango.

Gogan naka ya taho shago kamar zai tashi sama, ya juye hotuna a shafi, ya goge katin kyamara saboda wani biki na jiransa. To kwamfutar shagonsa ba ta da Ƙ, kuma ka san halinmu, ƙofa mu rubuta kofa, ƙasa mu rubuta kasa, babu mai cewa uffan. Sai ya ce ai duk kanwar ja ce. Wanda bai yi kyau ba ya tsallake, wanda ya yi kyau ya danna masa K, hoto ya wuce, shi kuwa yana jinjina wa sauri. Da ya zo kan na kaka har bisimilla ya yi, ya danna da ƙarfi. Ya buɗe kundi, wayam! Abin da ya rage masa sai ƙeyar mutane, da masu rufaffun ido, da wata akuya da ta gifta. Ya saɓi kyamara ya koma gidan, ya durƙusa yana roƙon tsohuwa ta ƙara yi masa ko da murmushi ne. Ta ja mayafi ta ce, "Ɗan nan, ai na yi dariyar, kai ne ba ka riƙe ba."

Don haka kafin ka raba haruffan nan naka, je ka duba kwamfutar wanda zai danna, ka kuma dubi yadda yatsansa ya saba. Hausawa sun gama magana da suka ce, kama da wane ba ta wane.