Lamba Huɗu a Jikin Taya

Duk karar shanun Potiskum babu wanda ya kai Alhaji Almustapha sanin sa. Ko sa ya kai ɗaki girma, ba ya taya shi sai ya buɗe bakinsa ya duba haƙora. Kullum maganarsa ita ce, "Ƙiba tana ruɗi, haƙori ne ba ya ɓoye shekaru."

Sai dai kowane gwani da inda yake rauni, shi kuwa nasa mota ce. A bara ya sayo wata ja daga Legas, mai ƙofa biyu da kujera biyu, gajeriya kamar za ta lashi ƙasa, irin wadda aka ƙera don gudu. Babu wanda ya kai 'yarsa Ummuhani son motar nan. Shekararta goma, kuma an zaɓe ta zuwa musabaƙar karatun Alƙur'ani a Damaturu ranar Asabar. Alhaji ya yi mata alkawari shi da kansa zai kai ta, kuma a jar motar.

Ranar Alhamis ya lura tayoyin baya sun suɗe. Ya nufi shagon Oche, wani mutumin Binuwai da ya shekara ashirin yana sayar da taya a garin. Oche ya buɗe ƙofar direba, ya nuna masa wata 'yar takarda da aka manna a jikin ƙarfen.

"Alhaji, kamfani ya rubuta girman tayarta a nan. Ta baya ta fi ta gaba faɗi, kuma sai mai jure gudu da zafi. Ba ni da ita. Zan aika Kano, Litinin ta iso."

"Litinin? Asabar zan yi tafiya, Oche."

"To ka tafi da akori-kurarka."

Alhaji ya yi dariya. "In kai gwanata musabaƙa a motar ɗaukar dusa? Haba!"

Can gaba kaɗan akwai rumfar Bashir mai tayoyin Beljiyam, wato waɗanda aka yi amfani da su a Turai aka kawo nan. Bashir ya mirgino guda biyu, baƙaƙe wuluk, suna ƙyalli saboda man da aka shafa musu, zanensu da zurfi har yatsa na shiga. Alhaji ya bubbuga su da tafin hannu kamar yadda yake bubbuga gadon bayan sa, ya ce, "Waɗannan ai ƙosassu ne."

Da yake Bashir ba shi da injin ɗora taya, wurin Oche aka dawo. Oche ya tsuguna ya duba, ya miƙe yana girgiza kai.

"Ba zan ɗora ba, Alhaji. Faɗinsu bai kai na motarka ba. Ka ga wannan hoton dutse da ƙanƙara? Tayar ƙasar sanyi ce, kwaltarmu za ta dafa ta. Ga kuma lambobi huɗu a nan, bari in karanta maka shekararta."

"Riƙe karatunka. Don ba a wurinka na saya ba, shi ne za ka kushe?"

Abin takaici, mutumin da ba ya sayen sa sai ya ga haƙori, ya ƙi tsayawa minti ɗaya a faɗa masa shekarun abin da zai ɗora 'yarsa a kai. Ya je wani wurin aka ɗora masa.

Asabar da hantsi suka kama hanya. Bazara ce, rana ta buɗe tun da wuri, kwalta har tururi take yi. Ummuhani na gefensa cikin farin hijabi, tana bitar karatunta a hankali. Hanya ta miƙe, mota na neman gudu, Alhaji ya ba ta. Suna wuce Damagum tayar baya ta dama ta fashe kamar an harba bindiga. Motar ta juya, ta bar titi, ta yi ta wuntsilawa.

Alhaji ya farka a asibiti da karaya a cinya. Kafin ya farka, an riga an kai Ummuhani makwancinta.

Ranar sadakar bakwai Oche ya zo ta'aziyya. Ya durƙusa gefen tabarma ya ce, "Allah Ya ba da haƙuri, Alhaji." Bai yi niyyar ƙara komai ba, amma Alhaji ya jawo wani yankin robar tayar da ta fashe daga ƙarƙashin matashinsa. Tun yana asibiti ya sa aka tsinto masa shi.

"Karanta mini abin da na hana ka karantawa."

Oche ya so ya kauce, Alhaji ya dage. Oche ya goge robar da babban yatsa.

"Biyu, uku, ɗaya, uku. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. An yi ta a mako na ashirin da uku, shekarar 2013."

Hawaye suka bi gemun Alhaji. A 2015 aka haifi Ummuhani.

"Ashe ta girmi 'yata," in ji shi.

Jama'a, ajali na Allah ne, amma sakaci namu ne. Kafin ku ɗora taya, ku duba girman da kamfani ya rubuta, ku tambayi ƙasar da aka yi ta dominta, ku karanta shekararta. Taya ana jiran ta daga Kano ta iso, ɗa kuwa in ya tafi ba ya dawowa.