Farin Ruwan Dokta Fagbemi

An ɗaura wa Morenike farin ruwa a jijiya. Dashen ciki huɗu sun lalace, saura ɗan tayi ɗaya a firjin asibiti.

Dokta Fagbemi, mai kwat cikin zafin Ibadan, ya gyara murya. "Madam, garkuwar jikinki ke kashe su. Wannan daga Jamus yake, zai lallashe ta."

Surukar Morenike, Iya Dapo, sai addu'a take. Shekara shida ta hana ta cin ƙwai, wai yana toshe mahaifa.

Morenike ta tambayi nas, "Sista, mene ne a ciki?"

"Man waken suya da gwaiduwar ƙwai."

Iya ta daɗe tana kallon ledar ruwan, sannan ta juyo wajen Morenike.

"'Yata, ta baki aka hana. Sista, ƙara mata leda biyu."