Motar da Aka Sauke a Lome

"Amarya ta ce ka kai ango ya ga motar nan yanzu, kafin biki," in ji gwaggon amarya. "Kada ka ce sai bayan an watse."

Abokin ango bai tambayi dalili ba. Tun suna yara a zangon Tamale ya san mutumin nasa da haukan mota, har abinci yakan manta idan ana kwance inji. A shekarar da aka sauke tutar Turawa, labari ya iso cewa jirgin ruwa ya kawo wata mota marar rufi Lome, can ƙasar da Faransi ke mulki. Abokin kuwa ya shirya komai na tafiyar a ɓoye, daga kujerar gaba a lorin doya har masauki.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ya sami ango zaune a garejinsa na unguwar Sagnarigu, ya miƙa masa hoton motar da ya yanko daga jarida.

"Jibi za mu kama hanya, ango. Da idonka za ka gan ta."

Ango ya kawo takardar dab da fuskarsa, yana dariya. "Kai! Dubi fitilu! Wallahi mutanen nan sun iya."

Abokin ya dubi hoton, ya ga a juye ango ya riƙe shi. Tayoyin motar sama suke kallo. Sai ya tuna cewa tun damina ango ya daina tuƙi, yana cewa ciwon ƙafa ne. Ashe amarya ta riga kowa gane cewa ganinsa ne ke dushewa.

Ya dafa kafaɗarsa a hankali.

"Na fasa jibi. Tashi, ga hannuna. Akwai lorin da ke lodi yanzu."